Simintin Kawu Ubale

Asabar ta uku ke nan a jere Zuhra na shiga jirgin ƙasa daga unguwar Bukit Jalil zuwa ta Sentul a babban birnin Malesiya, da tef ɗin awo a jaka, duk a kan gidan da bai kai falon babarta girma ba. Digiri na uku take yi a fannin kimanta gidaje da filaye. Tana da babi guda da malaminta ya dawo mata da shi ja-wur da gyara, amma ta ture shi gefe, saboda Kawu Ubale ya kafe ba wanda zai yi wa gidansa kuɗi sai ita.

Gidan da ake magana, kabin ne. Akwatin ƙarfe ne mai ƙofa ɗaya da taga biyu, irin wanda ake ƙerawa a masana'anta, a ɗoro shi a babbar mota, a dire wa leburorin gini su riƙa kwana a ciki. Kawu ya saye shi na hannu shekara takwas da suka wuce, ringit dubu goma sha ɗaya, kuɗin ƙasar, ya dire shi a bayan gandun furannin wani tsoho da ake kira Anko Tan, inda yake aikin dashe da ban ruwa. In ka ce masa kabin sai ya ɓata rai. Gida ne, in ji shi, tunda a cikinsa ya yi azumi takwas.

Kawu Ubale ƙanin mahaifiyar Zuhra ne. Shekara goma sha uku ke nan da ya baro Haɗeja don ya yi digiri na biyu a kan aikin gona. Tallafin da ya kawo shi ya yanke a tsakiyar hanya, karatu ya tsaya, shi ma ya tsaya, bai ƙara taka gida ba. Yanzu Anko Tan ya sayar da filin za a gina dogayen benaye, an ba su wa'adin ƙarshen wata. Ko dai Kawu ya bi tsohon zuwa sabon gandu can bayan gari ya samu gado a ɗakin ma'aikata, ko ya koma gida. Kuɗin jirgi ba shi ne matsala ba, yana da shi a ajiye. Abin da ya faɗa, a gaban mutane kuma, shi ne ba zai shiga Haɗeja da jaka ɗaya kamar wanda ya dawo daga kasuwar ƙauye ba. In gidan ya yi dubu ashirin, abin da zai sayi ɗan fili ya aza harsashi, zai tafi. In bai yi ba, a bar shi inda yake.

Ita kuma Umma, wato yayarsa Hureira da ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, sai ta ɗauki zancen ɗungurungum ta ɗora wa Zuhra. "Ke kika yi karatun," ta ce mata a waya. "Ki yi masa kuɗi mai kyau, ki turo min shi." Zuhra ta yi bayani har bakinta ya bushe, cewa kima ba miya ba ce da za a ƙara mata gishiri yadda ake so, abin da aka gani shi ake rubutawa. Umma ta ce ta ji, sannan ta maimaita maganarta ta farko.

Asabar ta farko ba a tsinana komai ba. Kawu ya ce ba a yi masa awo da yunwa, ya je ya yo tapau, wato ƙunshin abincin saye, na shinkafa da kaza, suka ci, ya hau ba ta tarihin kowace ƙusa har ruwa ya goce. Asabar ta biyu ta tarar ya tara majalisa a dakalin ƙofar gida, kowa da kofin shayinsa da farashinsa. Wani mai karatun haɗa magunguna ya ce dubu talatin. Wani da ko leƙa ciki bai yi ba ya ce talatin da biyar in an yi haƙuri. Da Zuhra ta ce sai ta duba ƙasan abin tukuna, aka yi mata dariyar nan ta ƙauna da ta fi zagi ciwo. Ta koma makaranta kanta na sarawa.

Yau ta gindaya masa sharaɗi tun a waya: ba abinci, ba majalisa. Ta kuma samo wani mai sayen tsofaffin kabin, Mista Selvam, ta tura masa hoton gaban gidan, ya ce zai zo ƙarfe biyu da rabi ya gani da idonsa.

Ta fara da ciki. Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu tun bara, Kawu ya lulluɓe ta da ƙyalle mai ado kamar za ta farfaɗo. Tsatsa ta ci kusurwar rufi ta gabas. Taga ɗaya ba ta rufuwa sai an tokare ta da buroshi. Duk wannan ba abin tashin hankali ba ne, ta saba gani. Ta riga ta duba kusan talla goma sha biyar na irin wannan kabin masu shekarunsa, ta san suna tsakanin dubu shida da dubu takwas, kuma tun a jirgi take ta juya yadda za ta faɗa masa. Kawu yana biye da ita, hannu a baya, yana nuna mata tayil ɗin ƙasa.

"Wannan ɗan Italiya ne," ya ce.

"An rubuta Johor, nan cikin ƙasar nan, a kwalinsa da ka ajiye takalma, Kawu."

"To ai samfurin Italiya ne."

Ta fito waje. Tukwanen furanni ne jere gefe da gefe, sun zagaye gidan sun rufe gindinsa. Ta janye uku, ta durƙusa don ta leƙa ƙarƙashi, sai ta ga babu ƙarƙashin da za a leƙa. Siminti ne shafe sumul tun daga ƙasa har ya hau jikin ƙarfen da kusan taki guda. Ta janye wasu tukwanen, ta zagaya baya, duk haka. Ta miƙe a hankali, ƙasa a gwiwar abayarta.

"Kawu, ina ƙafafunsa?"

"Ƙafafun wa?"

"Na gidan. Ƙarafan nan biyu dogaye da yake zaune a kansu."

"Suna ciki lafiya lau," ya ce, fuskarsa ta washe. "Buhu ashirin da biyu na zuba, har da rodi. Da iska ce ke wucewa ta ƙasa, kuliyoyi su shiga su haihu, ina kwance ina jin su. Ɗan Haɗeja zai kwana a kan iska? Na cike shi, na fitar da dakali, ya zama gida sosai."

Ta jawo tsanin da ake hawa a yi wa itatuwa aski, ta tattare abayarta ta hau. A kowace kusurwa ta saman kabin akwai rami a jikin ƙarfe mai kauri, inda ake maƙala ƙugiya. Kawu ya yi rumfar kwano a gaba, ya sa mai walda ya liƙe ƙarafan rumfar a kan biyu daga cikin ramukan, sauran biyun kuma ya cusa musu siminti don kar ruwa ya kwanta. Daga nan saman ta hango ɗan kicin ɗin bulo da ya gina a baya, ta kuma gane ƙofar da ake shiga cikinsa yanka ta aka yi a jikin bangon ƙarfen, har da ginshiƙi guda. Ta ji kamar ta zauna a kan tsanin ta yi kuka, don haushi.

"Kawu," ta ce da ta sauko, tana ƙoƙarin sassauta murya, "wanda zai sayi wannan abin ba a nan zai zauna ba. Filin an sayar. Ɗaukarsa zai yi. Mota mai ƙugiya za ta zo ta maƙala sarƙa a kusurwa huɗu, ta ɗaga shi, ta tafi da shi."

"To ta ɗaga mana."

"Ta kama ina? Ka toshe sama, ka binne ƙasa, ka yanka gefe. Ko sun fasa simintin, suna ɗagawa zai lanƙwashe."

"Ke kin fiye duba aibi. Kin sa dakalin a lissafi? Mutum bakwai yake ɗauka."

"Dakalin ba ya hawa mota."

"Rumfar fa? Kicin fa? Shekara shida ina zuba kuɗi a gidan nan. Ke da kika yi karatu, ina kika taɓa jin an gyara gida ya rage kuɗi? Gidan da ke kallon namu a Haɗeja, ina nan aka sayar da shi, yanzu ya ninka sau goma, kuma ko fenti ba a yi masa ba."

"Filin ne ya ninka, Kawu. Kai ba ka da fili. Wannan kamar mota yake, tun ranar da aka fito da shi yake tsufa. Depreciation ɗin kaɗai..."

"Ajiye Turancinki, Dakta. Mai saye ai yana da ido."

Mai saye kuwa ya zo da idonsa, ƙarfe biyu da rabi daidai, a wata tsohuwar a-kori-kura. Mista Selvam gajere ne mai furfura, haifaffen Sentul, da tawul a wuya. Ya gaisa da su, ya zagaya gidan sau ɗaya, ya tsaya inda Zuhra ta janye tukwane. Ya sa ƙafa ya ɗan taɓa simintin. Ya ɗaga kai ya kalli rumfar, ya daɗe yana kallo.

"Bos," ya ce da Turanci, "wa ya yi maka wannan aikin?"

Kawu ya dafa ƙirji. "Ni da hannuna."

"Ya yi kyau, lah. Shekara hamsin ba zai motsa ba." Ya goge wuyansa da tawul, ya juya wajen Zuhra. "Sista, da na ga hoto na ce a raina dubu bakwai. Amma wannan ba zan iya ɗauka ba. In na kawo masu fasawa kwana biyu za su yi, kuma ƙasan zai yage. Sai dai in yanka shi gunduwa-gunduwa in kai wa masu narka ƙarfe. Dubu ɗaya da ɗari biyu, ni zan kawo masu yanka."

Zuhra ta rufe ido. Farashin gwangwan ke nan, kuma ta san mutumin bai cuce su ba. Ita kanta da za ta rubuta, da abin da za ta rubuta ke nan, ko ƙasa da haka.

"Albarka," in ji Kawu.

Ya faɗe ta cikin isa, kamar mai raƙumi a kasuwar Maigatari. Ya juya baya, ya ɗauki tiyo, ya kunna famfo, ya hau ba furanni ruwa kamar ba a taɓa haihuwar wani Selvam ba.

"Me ya ce?" Selvam ya tambaya.

"Bai sallama ba."

"Boleh, ba damuwa." Ya miƙa mata ɗan katinsa. "In ya canja ra'ayi kafin ƙarshen wata, ki kira ni. Bayan nan masu gini za su rushe shi, kuma su ba sa biya." Ya shiga motarsa.

"Kar ki kalle shi," Kawu ya ce da Hausa, ta gefen baki. "Zai kai bakin ƙofa ya dawo. Haka suke yi."

Motar ta kai bakin ƙofa, ta sa sigina, ta hau titi, ta ɓace a bayan wata bas. Kawu ya ci gaba da ba tukunya ɗaya ruwa har ta cika ta tumbatsa, ruwan ya gangaro ya jiƙa masa silifas.

Nan haƙurin Zuhra ya ƙare. Ba ta ɗaga murya ba, tarbiyya ba ta bari ba.

"Kawu, don Allah ka kashe famfon nan. Ba zai dawo ba. Nan ba a taya a tafi a dawo, ya faɗi kuɗinsa ya gama. Asabar uku na kashe, aikina na can yana jirana, Umma na kirana safe da yamma, ni kuma ina nan ina auna abin da aka riga aka kashe. Ko da ba ka taɓa shi ba, ba zai yi dubu ashirin ba. Amma da aƙalla ya yi bakwai, mu san abin da za mu ce. Ba wanda ka tambaya? A duk garin nan ba a samu mutum ɗaya da zai ce maka kar ka zuba simintin nan ba?"

Kawu ya kashe famfon. Ya naɗe tiyon a hannunsa zagaye bayan zagaye, ya rataye shi, ya zo ya zauna a dakalin.

"An samu," ya ce. "Direban da ya kawo shi. Tun bai kwance sarƙa ba ya nuna min ramukan nan huɗu, ya ce komai zan yi wa gidan in yi, amma kar in toshe su, kar in binne ƙafa. Ya ce ranar da na yi haka na gama sayar da shi."

Zuhra ta tsaya tana kallonsa.

"Ka sani ke nan."

"Na sani."

"Tun kafin ka zuba."

"Shekara biyu na bar shi a kan ƙafafunsa. Ina cewa bana zan tafi, baɗi zan tafi. Wata shekara har na sayi tsaraba. Sai wani ɗan unguwarmu ya zo taro a garin nan, muka haɗu a masallaci, ya rungume ni yana ce min Dakta. Ya ce haka ake kirana a gida, yara ma sun san gidan su Dakta na Malesiya." Ya kalli hannayensa, duk sun yi kanta. "A satin na sayo siminti."

Wani jirgin ƙasa ya wuce ta saman gada can nesa. Zuhra ta ji tausayi ya taso mata, sai haushi ya danne shi, domin akwai sauran tambaya.

"To me ya sa ka sa ni wannan wahalar? Dubu ashirin ɗin fa? Majalisar fa? Albarkar da ka ce wa bawan Allah fa?"

"Ai ba a sallamawa a tayin farko," ya ce, har da ɗan murmushi. Murmushin bai daɗe ba. "Zuhra, shekara goma sha uku ina ba Yaya dalili. Na ce biza, na ce aiki, na ce annoba ta rufe hanya. Ta daina yarda da nawa, tana dai ji ne kawai. Naki za ta yarda. Ke ba kya ƙari a aikinki, ita ma ta sani, ta gaya min yadda kuka yi. Ki rubuta abin da kika gani, ki sa hannu, ki tura mata. Sai ta san ba ƙi na yi ba."

Ashe haka ne. Ba kima yake nema ba, shaida yake nema, kuma ya zaɓe ta ne saboda gaskiyar da take taƙama da ita. Ita za ta ɗauki takarda mai lambobi ta kai wa uwarta, ta ce ga dalilin da ƙaninki ba zai zo ba, shi kuma ya koma ɗakin ma'aikata hankalinsa kwance. Tunda take ba a taɓa raina mata hankali cikin ladabi irin na yau ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Ta zauna a ɗaya gefen dakalin, ta ciro waya. Ƙarfe uku da 'yan mintuna, a gida hantsi bai gama dubawa ba.

"Rubutawa za ki yi?" Kawu ya tambaya.

Ta danna lambar Umma, ta buɗe murya yadda zai ji. Bugu biyu aka ɗauka.

"Zuhra? Yaya ake ciki?"

"Umma, ina kwana. An gama. Mai saye ya zo ya gani."

"To? Nawa ya ce?"

Kawu ya gyaɗa mata kai a hankali, alamar ta faɗa.

"Ya isa, Umma," in ji Zuhra. "Kuɗin ya isa. Ƙarshen wata yana hanya."

Kawu ya miƙe zumbur. Ya hau yarfa hannu, bakinsa na motsi ba sauti. Zuhra ta zuba masa ido ba ta ƙifta ba. Wannan ce ƙarya ta farko da ta taɓa yi a kan aikinta, ta kuma san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tona ta, ta zubar da ita a idon uwarta. Ta bar masa zaɓin.

Can sai ga numfashin Umma, irin na wanda ke kuka ba ya so a ji.

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta sake faɗa. "Yana kusa?"

"Ga shi."

Zuhra ta ajiye wayar a kan dakalin, ta matsa. Kawu ya tsaya a kanta, ruwa na ɗiga daga silifas ɗinsa. Daga ƙarshe ya durƙusa, kamar yadda zai yi in da tana gabansa.

"Yaya."

"Ubale. Kai ne?"

"Ni ne, Yaya. Akwai maganar da..."

"Ɗakin ƙofa zan sa a share maka, katifar ma zan sa a sake ta. Ba na son ka sayo wa kowa komai, ka ji ko? Kaya nauyi ne. Me zan dafa maka?"

"Kar ki wahalar da kanki."

"Na ce me zan dafa maka."

Kawu ya sa tafin hannu ya rufe idanunsa. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa na motsi, Umma na jira a can, Zuhra na jira a nan.

"Tarwaɗa," ya ce. "In an samu ta kogi."